Wufar da Na Jingina da Bangon Alhaja

Shekarun da muka yi da Alhaja a gidan haya ɗaya a Fagge sun haura ashirin, bango ɗaya ne ya raba falona da ɗakin kwananta. Bayarabiya ce 'yar Ogbomosho, aure ya kawo ta Kano, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta binne mijinta. Ita ta tsaya a kan wankan jegon matata har sau uku. Da ƙarfinta gyale da ɗankwali take sayarwa a bakin titi a mahaɗar Bata, da ƙafa ta gaza sai ta zauna gida. Kunnenta ya yi nauyi, amma bakinta bai mutu ba.

'Ya'yanta duk sun koma kudu, kuma ba su da zance sai na ta tattara ta bi su. Kowace Sallah sai an yi wannan rigimar. Ita kuwa ta kafe, ta ce a can baƙuwa za ta zama a ɗakin surukai, a nan kuwa ko mai kayan miya ya san irin attaruhun da take so. A ƙarshe babban ɗanta ya zaunar da ita a gabana aka yi sharaɗi: muddin tana da lafiya ba mai taɓa ta, ranar da ciwo ya kama ta kuma ba gardama. Ni aka sa shaida. Ya karɓi lambata ya ce amana ce, in na ga wani abu in kira shi. Tun daga ranar, zaman Alhaja a Kano ya rataya a kan lafiyar jikinta.

Ni ɗan kasuwar Kwari ne, shadda nake sayarwa. Wanda bai taɓa wuni yana warware ƙyalle yana ninkewa ba, ga mutumin da ya san ba saya zai yi ba, bai san gajiya ba. A shekarar da nake magana gwiwa ta fara yi mini tsiya, sai na koma tashi daga kasuwa da la'asar. In na dawo ba na son jin muryar kowa. Abin da kawai nake so shi ne in zauna a kujerata a tsakiyar falo, in sa faifan kiɗan kalangu da ganga irin na da, in rufe ido har a kira magariba. A lokacin kuwa masu wuta sun yi mana adalci, da yamma suke kawo ta.

Tsohuwar amfilifaya ce da ni, da sifika biyu. Wata rana ta fara shaƙewa, na kai ta wajen mai gyara a Sabon Gari, wani Ibo haifaffen unguwar, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Oga kowa ke ce masa. Da ya gama gyaran sai ya haɗa ta da wani baƙin akwati da ke ƙarƙashin teburinsa don gwaji, ya sa faifaina. Kai, ban taɓa jin ganga haka ba. Ashe duk shekarun nan saman kiɗan nake ji, gindinsa bai taɓa zuwa kunnena ba. Oga ya ce sunan akwatin wufa, aikinsa ɗaya ne, fitar da ƙasan sauti, kuma yana da nasa ƙarfin a ciki, soket ɗinsa daban. Na zo gyara, na koma da kaya.

Tun a ƙofa matata ta ce ba za a girke mata wannan baƙin abu a tsakiyar falo ba. Ba ni da ƙarfin musu. Na tura shi kusurwa, bayan doguwar kujera, na manna shi da bangon da ke tsakaninmu da Alhaja. Amfilifayar tawa ba ta da ramin wufa, don haka na bi yadda Oga ya zana mini a bayan kwali: wayoyi su fito daga bayanta su shiga akwatin, ja ga ja, baƙi ga baƙi, sannan wasu su fita daga akwatin zuwa sifikun. Ina durƙushe, tocilan a baki, gumi na shiga mini ido. Na kunna, 'yar fitilar bayansa ta kama, na koma kujerata na rufe ido.

Shiru kake ji. Kalangu na nan yadda na san shi, amma gangar da na ji a Sabon Gari babu ita babu dalilinta. Maɓallan murɗawa biyu ne a bayan akwatin, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na iyakar sautin da zai ɗauka. Na miƙa hannu ta saman kujera na ƙara, na dawo na zauna, ɗan gurnani kawai. Na sake ƙarawa. Kafin mako ya zagayo na ƙure su duka biyun, kuma haka na bar su kullum, ina zaune ina jin haushi.

Sau biyu ina ɗaukar akwatin nan a adaidaita sahu in mayar wa Oga, in ratsa cunkoson Bata da shi a cinya, gwiwata na zogi. Sau biyun yana haɗa shi a shagonsa, ganga ta tashi har sukurori na rawa a tebur. Ya dube ni, in dube shi. In sake rungumo kayana in dawo Fagge.

A cikin waɗannan makonnin ne Alhaja ta fara ciwo. Matata ce ta fara gaya mini. Wai in ta yi sallar la'asar ta kishingiɗa a gadonta da carbi, sai ƙirjinta ya kama dukan uku-uku, kanta ya yi nauyi, har cikin haƙoranta take jin abin. Da an kira magariba sai ya sake ta. Ranar da ba wuta, zafi kan kore ta zuwa tsakar gida, kuma ranar lafiya lau take wuni, sai muka ce kwanciyar ce ke tayar da ciwon. Ta roƙi matata kada a gaya wa kowa. Matata ta kawo mata rubutu da tazargade, ba abin da ya sauya. Tsohuwa ta rame, ta daina tsokanar kowa, tsoro ya hana ta cin abinci.

Ni da kaina na kai ta asibiti. Likita ya ce jininta ya ɗan hau, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce a sa mata ido. A hanyar dawowa ta riƙe mini hannun riga ta ce in rufa mata asiri. Kwana uku ina juya abin a raina. Na tuna amana, na tuna in ta faɗi a ɗaki ita kaɗai me zan ce wa 'ya'yanta. Na kira ɗanta. Bai yi dogon zance ba, ya ce ƙarshen wata zai zo da mota. Da labari ya kai mata ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce alkawari ne, ita ta ɗauka da bakinta, ta fara rabar da tukwanenta.

Saura kwana biyar ɗanta ya iso na koma wajen Oga karo na uku, wannan karon hannu rabbana, don na gaji da dako. Na ce masa ya zo ya kwashe kayansa. Ya yi dariya ya ce akwati lafiyarsa ƙalau, ɗakina ne ke wasa da ni. Wai ƙasan sauti ba kamar samansa ba ne, yakan taru a wani wuri ya ɓace a wani, kuma tsakiyar ɗaki ne ya fi ɓacewa. Ya ce shi ba zai san falona daga Sabon Gari ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dabarar ita ce in ɗora akwatin a kan kujerar da nake zama, in kunna, in bi gefen bango da rarrafe, inda na ji ganga ta fito sosai nan ne mazauninsa.

Rarrafe, da furfurata. Na ce masa Allah ya sawwaƙe. Amma da na dawo na tarar matata tana ɗakin Alhaja suna ɗaure kaya, sai na sakaya ƙofa na yi yadda ya ce. Na bi bangon taga, ba komai. Na bi na ƙofa, kaɗan-kaɗan. Gwiwa na ta kuka ina ta ja. Da na kutsa bayan doguwar kujera, kusurwar da akwatin ya yi makonni a ciki, sai na ji an doki ƙirjina. Ba a kunne na ji ba, a ƙashin ƙirji na ji, har haƙorana. Na ɗora tafin hannu a bango, bango na motsi.

Na daɗe a durƙushe a wurin. Na san ɗakin Alhaja kamar nawa, ni na taya ta jan gadon ƙarfenta zuwa wannan kusurwar shekarun baya, kan gadon yana manne da bangon. La'asar zuwa magariba. Ranar da ba wuta lafiya lau. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina da kiɗan gaba ɗaya.

Washegari da la'asar na mayar da akwatin kusurwarsa, na yi sallama a ƙofarta. Ɗakin ya zama fayau, sai gado da ƙullin kaya. Na tsuguna na yi mata bayani da ƙarfi saboda kunnenta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta hau gadon ta kishingiɗa, ta ce in je in kunna. Na je na kunna, na ƙirga kamar minti biyu, na kashe na dawo. Na same ta zaune, hannunta a ƙirji.

"Shi ne," ta ce. "Ashe lafiyata ƙalau."

Na ce ta yafe mini, yanzun nan zan kira ɗanta in warware komai, in ya so ya zage ni. Har na ciro waya. Ta ɗaga mini hannu.

"Malam, mayar da wayar nan aljihu. Me za ka ce masa? Uwarsa ta yi wata biyu ba ta bambance bugun zuciyarta da gangar maƙwabci ba?"

Na ce ai laifina ne, ba nata ba. Ta girgiza kai. Ta ce ta san ɗanta, ita ta haife shi. In ya ji wannan ba fasawa zai yi ba, cewa zai yi abin ya wuce ciwon jiki, kai ne ya fara taɓuwa. Tafiyar dai za a yi, amma a can matan 'ya'yanta za su riƙa ɓoye mata ashana da makulli, in ta yi magana a kalli juna.

"Mai ciwon zuciya ana tambayarta shawara," ta ce. "Wadda ta rikice kuwa lallaɓa ta ake yi. Bar ni in tafi da ciwona."

Na yi magiya, na ce zan rantse masa da Alƙur'ani, zan kawo Oga ya yi masa bayani. Ta ce na riƙe amanar ɗanta ta gani, yanzu saura tata, ko matata kada ta ji. Daga nan ta tambaye ni ko ina da igiya, ƙullin tabarminta ya kwance. Na je na ɗauko mata.

Ranar Asabar da hantsi motar ta zo. Ni na ɗora gadon ƙarfen a saman motar, ni na ɗaure shi. Matata na ta kuka, matan gida sun cika ƙofa. Alhaja ta fito da sabon gyale, ta bi kowa da sallama, da ta zo kaina ta ce in riƙa shafa man zafi a gwiwar nan, ta shiga mota ba ta waiwayo ba. Ɗanta ya zagayo ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Ba don kai ba, da ba mu san halin da take ciki ba."

Tana kallona ta gilashi. Na ce amin.