Mutumin da Ya Raba Falmata Biyu

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, 2014, wajen ƙarfe goma na safe, aka yi wa matata allurar da jikinta ba ya karɓa, a ƙaramin asibitin da ƙungiyar unguwarmu ta gina a Kabara. Cikin minti biyar leɓɓanta suka kumbura, numfashi ya fara gagararta. Nas ɗin da ta yi allurar, Malama Lauratu, ita ce ta yi maza ta yi mata allurar ceto, ta rungume ta a cikin a-daidaita-sahu har babban asibiti. Matata ta rayu. Kafin La'asar kuwa unguwa ta gama yanke hukunci: Lauratu ta yi sakaci, a kore ta.

Wanda ya hana a kore ta shi ne Malam Muttaka Mikail, kuma dominsa nake wannan rubutu. A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki, bayan shekara ashirin da ɗaya yana kula da manhajar kwamfutar asibitin, wadda shi ya rubuta ta da hannunsa. Idanunsa sun gaji. An yi masa walima da jawabai huɗu, uku daga cikin masu jawabin kansu suka yaba. Garin nan namu ya iya kirari, amma sai ga mai babbar riga. Wanda ya tare ɓarna tun ba ta auku ba ba ya samun maroƙi, don ba a ganin abin da bai faru ba.

Kullum ƙarfe bakwai da rabi za ka ji ƙarar tsohon babur ɗinsa ya taso daga Gwammaja, da jaka a rataye a kafaɗa. Kafin ya gama gaisawa da masu jiran kati ya riga ya kwafe bayanan jiya a filasha biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a durowar likita. Daga nan sai ya zauna sauraren ƙorafi. Ƙorafin kuwa iri ɗaya ne tun daga rana ta farko: "Malam, abin nan ya tsaya, ni kuwa ban taɓa komai ba."

"Na sani, Hajiya," zai ce, yana jawo kujera. "To, sake yin yadda kika yi lokacin da ba ki taɓa komai ɗin ba, in gani."

Duk sirrin aikinsa ke nan. Ba ya gyara matsalar da bai gani da idonsa ba. Sai ya sa ta sake faruwa a gabansa, sau ɗaya, sau biyu, har ya san ta inda take shigowa. Akwai shekarar da manhajar ta riƙa yin nauyi kullum daidai Azahar. Sani mai ba da kati ya ce zafi ne, ya juya mata fanka, shi yana ta gumi. Wata mai shara ta kawo shawarar tofi. Muttaka ya zauna wuni biyu yana kallo, ya gano cewa duk katin da aka buɗe manhajar ba ta rufe shi, tana ta tarawa a ka kamar mai talla har wuya ya ƙage. Layi uku ya gyara, Sani ya sami fankarsa. Da kwamfutar ta wayi gari tana cewa muna shekarar 2002, ta ƙi karɓar kowa, wasu suka ce a sayo sabuwa, shi kuwa ya canja wani batir mai girman maɓallin riga. Da ɗauke wuta ya riƙa yanke bayanin mara lafiya a tsakiya, ya sake tsarin yadda bayani ko dai ya shiga gaba ɗaya ko kada ya shiga sam. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka taɓa yi masa godiya a kai. In abu na aiki, ai dama haka ya kamata. In ya tsaya, ina Muttaka?

Mu koma ga waccan Talata. Ni ne sakataren kwamitin asibitin, kuma ni ne mijin wadda ta kusa mutuwa, wato mutum na ƙarshe da ya dace a bari ya yi magana. Ni na fi kowa magana. Washegari kwamiti ya zauna, aka kira Lauratu, aka buga sunan matata a kwamfuta. Sunanta na yanka Falmata Ahmad, kakanninta daga Barno suka zo, amma duk Kabara 'Yardada ake ce mata. Ana buga sunan sai ga jan rubutu ya cika allo: kada a ba ta fenisilin.

"Wallahi, Baba, na duba," in ji Lauratu. "Na duba sau biyu. Babu jan nan jiya."

"Kwamfuta ba ta da dangi a unguwar nan," na ce mata, "balle ta yi wa wani ƙarya."

Takardar sallamarta tana cikin jakata, na riga na buga ta. Shekararta goma sha tara tana aiki, rabin yaran unguwa ita ta yi musu rigakafi. Nas da aka kora kan sakacin allura kuwa, babu asibitin da zai sake ba ta ko riƙon auduga. Kowa a ɗakin ya san haka, kowa ya sunkuyar da kai.

Daga can kusurwa Muttaka ya ce, "Malam Gwadabe, gaskiya ne kwamfuta ba ta ƙarya. Amma abin da take faɗa ni na koya mata, ni kuwa ɗan Adam ne. A ba ni kwana uku."

"Kwana uku na me? Na neman aljanin da za a ɗora wa laifi?"

"In na same shi zan kawo maka shi, ka yi masa tambayoyi da kanka."

Aka yi dariya, ban da ni. Shugaban kwamiti ya ba shi zuwa Asabar.

Ranar farko ya buga sunan fiye da sau arba'in, ta kowace hanya, jan rubutu na fitowa. Wani da tuni ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Rana ta biyu ya buɗe kundin da manhajar ke rubuta duk abin da aka taɓa da lokacin da aka taɓa shi, ya bi safiyar Talata layi-layi. Nan ya ga an buɗe katin Falmata Ahmad da ƙarfe tara da minti goma sha biyu. Ya hau babur ya tafi babban asibiti, ya durƙusa a gefen gadon 'Yardada.

"Hajiya, ya jiki? Ƙarfe nawa kika isa wurinmu ranar Talata?"

"Ai goma ta kusa, ɗan nan. Da na fita da wuri, Malam ne ya tsare ni yana gyara wa mai labaran rediyo Hausa, kamar yana jin sa."

To wace ce ta zo ƙarfe tara?

Ranar Asabar da hantsi muka taru. 'Yardada ta matsa sai da aka zo da ita, fuska ba ta gama saɓewa ba. Muttaka ya shigo da wata dattijuwa doguwa, mai ƙanshin man gyaɗa, wadda ke ta mita an taso ta daga bakin Kasuwar Kurmi ana tsakar ciniki.

"Malama Lauratu, buga sunan," in ji shi. Ta buga. Ja ya fito.

"Sani, ga Iya ta dawo da tarinta. Shigar da ita yadda ka yi ranar Talata." Sani ya tambaye ta suna, ya shigar.

"Malama, sake bugawa."

Ta sake. Allo fari fat. Babu ja ko ɗigo.

Muttaka ya juya ga dattijuwar. "Iya, gaya musu sunanki."

"Falmata Ahmad mana. Sau nawa zan faɗa? Ko an hana ne?"

Ya yi mana bayani a hankali, yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya. Mutanenmu ba sa riƙe katin asibiti, wani ya ɓata, wani an ƙunshe ƙosai da shi. Don haka ya tsara manhajar ta riƙa gane mutum da sunansa da ranar haihuwarsa. Matan nan biyu sunansu ɗaya, kuma a kwamfuta duk an haife su ranar ɗaya ga Janairu, 1958. Manhajar ta ɗauke su mace ɗaya, tana nuna katin wadda aka taɓa daga baya. Da safiyar Talata katin mai man gyaɗa ne a sama, shi Lauratu ta gani. Bayan an tafi da 'Yardada, likita ya nemo lambarta a tsohuwar rajista ya rubuta abin da ya faru, sai nata ya dawo sama da jansa, shi mu kuma muka gani.

"Janairu?" in ji mai man gyaɗa. "Wa ya ce? Ni da damina aka haife ni. Ranar sunana ruwa ya kwantar da katangar gidanmu, har yau ana yi min gori."

"Ni kuwa bayan Babbar Sallah," in ji 'Yardada. "Ashe, 'yar'uwa, tagwaye ne mu ba mu sani ba."

"To ke ce Hassana, tunda kin riga ni shan wuya."

Lauratu ba ta yi dariya ba. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka, 'Yardada ta miƙa hannu ta jawo ta jikinta. Muttaka ya miƙe ya ce, "Laifin na manhajata ne. Na rubuta ta kamar a garin da kowa ya san ranar da aka haife shi. Malama Lauratu ta duba, kuma abin da ta gani ta faɗa." Na yaga takardar sallamar a cikin jaka, ba tare da na fito da ita ba.

Gyaran manhajar bai ɗauke shi wuni ba. Yanzu in sunaye suka zo ɗaya, duk take jero su, da laƙabi da unguwa da sunan uwa, kuma in ɗaya daga cikinsu na da jan gargaɗi, sai ya fito ko wace aka zaɓa. A nan aikin da aka ɗauke shi ya ƙare. Shi bai ga haka ba. Ya bincika katunan asibitin kaf, ya tarar da mutum ɗari biyu da tamanin da shida da ke da irin wannan tagwaitaka, Amina da Hauwa'u da Muhammadu ba adadi, duk 'ya'yan ɗaya ga Janairu. Wata huɗu ya yi yana bin lunguna bayan ya tashi aiki, yana sallama a zaure, yana tambayar tsofaffi: lokacin da aka canja hannun tuƙi kina da 'ya'ya nawa? Da aka daina fam da sule ka yi aure? Da haka ya raba su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu ya sami mai ciwon sukari da aka haɗa da mai lafiya garau, da wasu mata biyu masu juna biyu da jininsu ba iri ɗaya ba. Dukansu suna nan suna yawo a gari, ba su san sunansa ba.

Muttaka na Mikailu, mai tsintar allura a cikin ruwa. Kai ne ka ga mace tsaye ita kaɗai a gaban dattawa goma sha ɗaya, ka zaɓi ka tuhumi aikin hannunka kafin ka tuhume ta. Na karantar da tarihi shekara talatin, na karanta labarin masu mulki da malamai da mayaƙa, waɗanda suka taɓa cewa "laifina ne" a bainar jama'a ba su cika tafin hannu ba. Lauratu ta ƙara shekara tara tana aiki, ta yi ritaya da mutuncinta, yau 'yarta ce ke riƙe da ɗakin allurar. Allah Ya saka maka da alheri, Ya haskaka idanun da ka ƙarar a kanmu. Ku kuma samarin da kuka karɓi aikin da sabbin na'urorinku, ranar da wata ta ce muku ta duba ba ta gani ba, ku jawo kujera ku zauna kusa da ita. Ku nemi kwana uku.

Saura magana ɗaya. 'Yardada ta ƙara shekara shida a duniya, kuma a cikinsu ba ta fasa ce min, "Malam, je ka faɗa masa," ba. Kullum ina cewa gobe, har aka kai ta makwancinta. A walimarka ma na miƙe, aka ce lokaci ya ƙure.

Shekarar da aka kawo kwamfutar, kai ka ce a bar gurbin "ba a sani ba" ga wanda bai san ranar haihuwarsa ba. Ni na ce gurbi a takarda lalaci ne, na ba da umarni a rubuce, da sa hannuna, cewa duk a sa musu ɗaya ga Janairu. Kana wurin. Ranar Asabar ɗin nan ka dube ni sau ɗaya, sannan ka ce laifin manhajarka ne. Ba nata ba ne, Muttaka, ba kuma na Lauratu ba. Nawa ne.