Kunyar Ɗan Fari Ta Kusa Raba Ni Da Inna

Edita, bayan gaisuwa, ga wani abu da na daɗe ina riƙe da shi a ciki, yau na ga gara in amayar da shi ko wani zai tsira. A wancan lokaci ni malamin Islamiyya ne a Gwarzo, na haura arba'in, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Maza da mata na kawo mini tambayoyin tsarki da wanka, ina amsawa ba ko ƙifta ido. Amma a gidanmu na Gude ni ɗan fari ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Inna ba ta zama hira da ni. Idan na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon wani gefe, in tana da saƙo ta ba ƙanwata ta faɗa mini, ko da ina zaune a wurin. Har gori nake wa abokaina masu hira da iyayensu, in ce musu 'yan zamani.

Inna mace ce da ba ta san zama ba, da ƙuli-ƙulinta ta tufatar da mu bakwai. Sai ta fara haki. Daga ɗaki zuwa rijiya sai ta huta sau biyu, muka ce tsufa ne. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi tana alwalar la'asar, ni da ƙanwata muka kai ta Kano. Bayan an yi mata hoton zuciya, likita ya kira ni ni kaɗai, tun da ni ne babba. Ya ce ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarta ta taurare ta matse, kamar bawul ɗin da ya ƙi buɗewa, jini ba ya wucewa yadda ya kamata. Jikinta ba zai ɗauki a tsaga ƙirji ba, amma akwai wata hanya: a zura siririn bututu ta jijiyar jini da ke matsematsi, can saman cinya, a bi da shi har zuciya, a buɗe sabuwar ƙofa a cikin tsohuwar. Ya ce ba ko'ina ake wannan aiki ba, ya rubuta mana takarda, ya ja kunnena kada mu yi jinkiri tun da har ta fara suma.

Wallahi tun da ya ambaci matsematsi kunnena ya toshe. Da wane baki zan kalli matar da ko sunana ba ta faɗa, in ce mata ga inda za a buɗe a jikinta? Ko ƙanwata na kasa gaya wa. Da ta tambaye ni a mota, sai na ce likita ya ce tsufa ne, a ci gaba da shan magani. Na ninke takardar na cusa a cikin wani littafi. Na riƙa lallashin kaina da cewa ai zamanin nan na tsadar rayuwa ko kuɗin mota zuwa Kano abin tunani ne, balle irin wannan aiki. Ƙarya nake wa kaina, domin Kawu, ƙanin Inna da ke kasuwancin hatsi, tun ranar farko ya ce ko mene ne a gaya masa.

Damina ta wuce, kaka ta shigo, Inna ta koma salla a zaune. Ina zuwa ina yi mata tofi a ruwa, ina komawa Gwarzo da nauyi a ƙirji. Da ta sake faɗuwa, wannan karo goshinta ya fashe a bakin turmi, na ga jini a kallabinta, sai na ja ƙanwata gefe na faɗa mata gaskiya. Ita ba ta da irin sanyina. Ta wanke ni tas, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta sa ni gaba har bakin ɗakin Inna ta zayyana mata komai, ni kuwa kaina a ƙasa. Inna ta juya wajen ƙanwata ta ce: "Gaya masa na haihu sau bakwai a hannun ungozoma. Jikina ne, ni ya kamata a tambaya."

Kawu ya ɗauki nauyi, muka yi doguwar tafiya zuwa inda ake aikin. Abin da na yi watanni ina tsoro bai kai ya kawo ba. Ma'aikaciyar jinya mace ce ta shirya ta, aka lulluɓe ta gaba ɗaya, aka bar ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba, ta nan aka yi aikin. Washegari na tarar da ita zaune tana ƙorafin kokon asibitin ba yaji, bayan 'yan kwanaki aka sallame mu da ɗan filasta a cinya. Sai dai likitan can bai ɓoye mini ba, ya ce jinkirin ya gajiyar da zuciyar, ƙarfinta na da ba zai dawo duka ba. Na ji kunyar da ta fi waccan sau dubu. Duk da haka yau Inna na salla a tsaye, tana takawa gidan maƙwabta barkar haihuwa da ƙafarta. Na gode wa Allah da bai kama ni da wautata ba, na gode wa likitocin nan, da Kawu, da ƙanwata da bakinta ya yi abin da nawa ya kasa.

Ban ce a watsar da kunya ba, har gobe a bakin ƙofa nake gaishe ta. Amma ni da nake karantar da mutane cewa neman magani ba laifi ba ne, ni na kusa kai mahaifiyata kabari da ladabi. 'Yan'uwa, musamman manyan 'ya'ya, idan likita ya kira ka kai kaɗai, ba sirri ya ba ka ba, saƙo ne na mai jikin. In bakinka ba zai iya isar da shi ba, nemi bakin da zai iya, kuma a ranar.