Gwangwanin Kawu Ɗanjuma Ba Ya Matsawa

Na sha wuya a hannun Kawu Ɗanjuma, kuma ba zan ɓoye ba don ya rasu. Shekara goma sha ɗaya ina ɗawainiya da tsohon nan, ni da nake da iyali da gonar masara tana jirana. Cinsa bai dame ni ba, ciwonsa ma da sauƙi. Gwangwani ne ya gajiyar da ni.

Ku da kuka san shi kun san gwangwanin. Ga wanda bai sani ba, wani dogon gwangwani ne mai mazurari a baki, an kafa shi kan ɗan dandamalin siminti a filin ƙofar gidansa, bakin hanyar Kafur. Ruwan sama ya zuba ciki, da safe a juye a kwalba mai zane-zane, a ga yawansa, a rubuta. Shi ke nan aikin. Amma kullum ƙarfe bakwai, damina da rani, sai Kawu ya fito da biro a bayan kunne ya leƙa. Ana tsakiyar zafin bazara, ko tsuntsu ya rasa abin sha, ka ga dattijo ya durƙusa yana leƙen busasshen gwangwani, ya buɗe littafi ya rubuta sifiri.

Na ce, "Kawu, ai kowa ya san ba a yi ruwa ba."

Ya ce, "Kowa ya sani yau. Nan da shekara ashirin wa zai sani? Ka bar gurbin wayam, mai karantawa ya ce barci ka yi. Sifiri shaida ce, Sale."

Tun yana saurayi wani shirin aikin gona ya zo yankinmu, suka ɗauke shi lebura, suka kafa gwangwanin suka nuna masa yadda ake yi. Shirin ya watse, motocinsu suka tafi, jemagu suka gaje ofishin. Kawu bai fasa ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Wa ya zo ya ce in daina?" Littattafan rubutu irin na 'yan firamare, ga su nan cike da akwatin ƙarfe, da ganyen darbejiya a tsakani saboda gara.

Kun tuna shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, muka fita roƙon ruwa? Da yamma aka yi ɗan yayyafi. Washegari bayan sallar azahar Liman ya miƙe yana cewa Allah ya amsa, an samu ruwa mai albarka. Sai ga murya daga sahun baya:

"Allah gafarta Malam, milimita biyu ne."

Liman ya ce, "Ɗanjuma, rahamar Allah kake aunawa?"

"Ni na isa? Abin da ya sauko na auna. Godiya mun gode. Amma kada jama'a su koma gida, wannan ko kaza bai jiƙa ba. A sake fita."

Wallahi aka sake fita! Liman ya yi wata guda in ya hango shi sai ya canza hanya.

Sai rigimarsa da Baba Ayuba, maƙwabcinsa kuma amininsa tun ƙuruciya, wanda ko Kirsimeti ba ya cin shinkafa sai ya aiko wa Kawu. Mangwaron Baba Ayuba ya girma ya miƙo reshe ta saman filin. Kawu ya ce ganye na tare masa ruwa, a sare.

Baba Ayuba ya ce, "Kai Ɗanjuma, ka ji tsoron Allah. Matsar da abin naka taku biyar mana."

"In na matsar, awon yau da na shekarun baya sun daina zama abu ɗaya. Kuma gwangwanina ya riga mangwaronka zuwa duniya. Yaushe babba ya fara matsa wa ƙarami?"

Har gaban mai unguwa. Mai unguwa ya gaji ya ce a sare reshen a huta. To wa zai hau? Su biyu tsofaffi suka juyo suka dube ni. Ni da gemuna da furfurata na hau mangwaro da adda, tururuwa na shiga min wando, su kuwa suna ƙasa a inuwa suna raba goro, rigima ta ƙare. Kawu har yana cewa, "A hankali, Sale, kada ya faɗo kan gwangwani." Reshen yake nufi, ba ni ba.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tunda ko na ɓoye yana rubuce. Da aka kwantar da Kawu a asibiti a Funtua don aikin ƙaba, ni ya bar wa biro. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma lamba na iya. Na yi kwana shida lafiya. Rana ta bakwai, ran Talata, na yi sammakon kasuwar Dandume, na manta. Da na dawo na tarar akuya ta tunkuɗe mazurarin, abin da ke ciki ya zube. An dai yi ruwa, na gani da idona. Sai na duba shafin bara, na ɗauko wata lamba mai kyan gani na ɗora. Wa zai sani?

Ranar da na dawo da shi a bayan babur, ko ɗaki bai shiga ba ya ce a kawo littafi. Ya bi da yatsa, ya tsaya. Ya kira matarsa, Inna Hajara.

"Ran Talata kwatar bayan gida ta cika?"

"Ina fa. Ko shanyata ban kwashe ba."

Ya dube ni. "Sale, wannan ruwan naka a wane gari ya sauka?"

Na fara in-ina. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi. Ya ja layi kan lambar, a gefe ya rubuta da manyan baƙi: ƘARYAR SALE.

Na ce, "Haba Kawu, a goge mana."

"Ba a gogewa. Wanda ya zo baya ya san ranar ba ta da awo, kuma ya san dalili."

Ni a raina na ce wa zai zo? To an zo. Shekara uku da suka wuce wata Dokta Maryam daga jami'a ta sauka a ƙofar gidan da kwamfuta. Ta ce suna tara bayanan yanayi, na ruwan sama da iska har da na teku, kuma na yankinmu yawanci daga tauraron ɗan adam suke samu, don masu awo a ƙasa sun yi ƙaranci. Ta nuna masa wata rana da tauraron ya ce an tafka ruwa a nan. Kawu ya buɗe littafinsa. Sifiri.

Ya ce, "'Yata, tauraron naku ya taɓa jiƙewa?"

Ta yi dariya ta ce a'a, Baba, gajimare yake gani daga sama ya ƙiyasta.

"To shi ma ɗan'uwan Sale ne."

Ba ta gane ba sai da ta kai shafin. Ta ɗago ta ce, "Baba, wane ne Sale?" Ina zaune a gabanta riƙe da butar shayi. Kawu ya nuna ni da haɓa.

Ta roƙi ta tafi da littattafan, ya ce ko ɗaya ba ya ƙetare zaure. Kwana uku tana zuwa tana ɗaukar hoton shafi bayan shafi. Ta ce da irin awonsa ake gyara na tauraron, kuma abin da ya ba shi daraja shi ne wuri ɗaya aka yi ta yinsa ba a matsa ba. Ta ce har masu nazarin teku a wasu ƙasashe za su amfana. Kawu ya ce, "Ki gaya musu ruwan Kafur ne, kada su cakuɗa min shi da na gishiri." Tun daga nan duk ƙarshen wata ni ke ɗaukar hoton shafin da wayata in tura mata.

Ya rasu farkon daminar nan, ran Alhamis da hantsi, bayan ya yi awonsa.

Ran addu'ar arba'in ana cikin rabon waina sai ga tifa ta juye yashi, wata mota ta sauke bulo a filin. Alhaji Bala ne, babban ɗan Kawu, mai shagon taki a Malumfashi. Shaguna uku zai gina a bakin hanya. Taubashina ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo, tun muna yara ba mai raga wa wani.

Na ce, "Alhajin taki, gwangwanin fa?"

"Kai baƙauye, kai shi bayan gida mana. Ko a can ba a ruwa?"

"Ba ya matsawa."

"Kai a wa? Kana da gado a nan ne?"

Na ce ba ni da ko taku ɗaya, na sani. Amma ni aka sa hawan mangwaro, ni aka rubuta wa ƙarya da manyan baƙi har ta kai jami'a. Ban sha wannan duka ba don a zo a sayar da lemon kwalba a wurin. Na ce ya ja shagonsa gefe, fili na nan. Mutane suka yi ta dariya, shi ma ya yi, ya ce jibi magina za su zo, in ga yadda zan yi. Inna Hajara tana jin mu daga zaure. Da zan tafi ta miƙo min mabuɗin akwatin ƙarfen.

Allah ka jiƙan Kawu Ɗanjuma. Bai taɓa rubuta abin da bai gani ba, ka sa ya ga alheri. Ka yafe masa taurin kai, ka sanyaya makwancinsa, ka shayar da kabarinsa da rahamar da ba mai iya aunawa. Amin.

Washegarin rigimarmu da Alhaji Bala, bayan sallar asuba, na kwaɓa yashin Alhaji Bala da ragowar simintin da ke ɗakina, na ɗebi bulonsa na zagaye gwangwanin da katanga, taku shida ta kowane gefe, bulo biyu kawai a tsayi don kada ta tare ruwa. Baba Ayuba ne ya riƙe min igiyar awo.