Ƙwaron Kududdufin Kuza a Kan Allo

Bauci zuwa Jos

Ana idar da sallar asuba na shiga fijo, akwatin madubin ƙara girma na makarantarmu a cinyata. Yayata Hauwa ce ta ɗaga ni. Kurkunu ya kwantar da ɗanta a Tudun Wada, ita kuwa ta rantse ruwan tsohon ramin kuza da suke sha garau yake, karatu ne ya yi mini yawa.

A Toro ɗan sanda ya zungure akwatin. "Malam, bindiga ce?"

"Ta harbin ƙwari ce, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, muka wuce.

Congo-Russia

Na ɗebo ruwan ramin a kwalba na kai wa Oga Lasisi, Bayarabe mai zanen jikin manyan motoci a wannan unguwa ta Jos, don ya zana mini abin da ke ciki. Ya kanne ido ya leƙa madubin, sai ya ja da baya.

"Kai! Wannan abu mutane yana sha?"

Ƙwaron ne mai ɗauke da ƙwayar kurkunu, yana ta wutsil-wutsil. Kafin la'asar ya zana shi a allo, ƙato kamar akuya, daidai yadda yake. Amma hannu ya saba da jikin mota: ya kewaye shi da furanni jajaye da tsuntsaye biyu. Na ce shi ke nan, mata za su ɗauka adon ɗaki ne.

Tudun Wada

Haka kuwa aka yi. Maƙwabta suka taru suna yaba furanni, wata har tana tambaya ko na sayarwa ne. Gwaten acca da Yaya ta zubo mini na ture shi gefe.

Na ce, "Yaya, don Allah ɗebo daga tulunki da hannunki."

Ta ɗebo tana harara ta, na ɗiga a ƙarƙashin madubin. Ta leƙa madubin, ta dubi allon, ta sake leƙawa.

"Innalillahi! Shi ne, har da gashin bakin! Wannan nake ɗura wa yarana?"

Na nuna musu yadda ƙyalle mai ƙananan ido ke tare shi. Ba ta nemi tsumma ba. Sabon kallabinta na Salla ta ciro ta ɗaure bakin tulu da shi.

Komawa

Washegari na sauka Bauci da azahar, zuciyata wasai. Allon yana can rataye a hanyar ramin, inda masu ɗibar ruwa ke bi. Na gode wa Allah, na gode wa Oga Lasisi da furanninsa.