Ni Na Tuƙo Masa Simintin

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Eusebio Arreola a masana'anta ɗaya a garin Elkhart, inda ake ƙera motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda tsofaffi ke saya idan sun ajiye aiki su yi ta zaga ƙasa. Ni ina jan wayoyin lantarki, shi yana ɗinkin kushin. Chebo muke ce masa. Gajere ne mai kaurin hannu, ga surutun tsiya, kuma tun ranar farko ya laƙaba mini suna Dogo, har matata Darlene ta ɗauka. Sunana Lowell, amma ban tuna ranar da na taɓa jin sa a bakinsa ba.

A wani ƙauye kusa da Jerez aka haife shi, a jihar Zacatecas ta ƙasar Meziko. Labarin rayuwarsa kuwa mun sha shi a teburin cin abinci har mun haddace. Yana saurayi ubansa ya sayar da shanunsa ya kai kuɗin banki, darajar peso, kuɗin ƙasarsu, ta faɗi, tsohon ya tashi ba shanu ba abin sayen shanu. Shi kuma Chebo ya koyi ɗinkin kushin, ya buɗe shago, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya. A ƙarshen 1994 ya sayar da shagon don ya sayi babbar mota ta dakon kaya. Kwana goma da karɓar kuɗin, peso ta sake faɗuwa, kafin ya farga kuɗin motar ko rabinta ba za su saya ba. Abin da ya sa ya tsallako iyaka zuwa ƙasarmu ke nan. Duk lokacin da ya zo nan a labarin sai ya ɗaga tortiyarsa, wato gurasarsu ta masara, ya ce takarda ruɓewa take yi, amma abin da hannu ya riƙe ba ya ruɓewa. Mu kuma mu ce masa mun ji, ya ci abincinsa kafin ya huce.

'Yar ita ce Noemi. Tana da shekara biyar suka zo, a gabanmu ta girma, Kawu take ce mini. Tun tana ƙarama take cewa nas za ta zama, ba ta kuma taɓa canja magana ba. Takardunta na zama ba su kammala ba a lokacin, don haka tallafin karatu na gwamnati bai shafe ta ba. Abin da ubanta ya tara shi ne kawai hanyarta. Shekara takwas Chebo yana ajiye mata a banki, yana ajiyewa yana tsine wa bankin. Bai taɓa sayen sabuwar mota ba, takalminsa na aiki ma da kansa yake ɗinke shi. A kakar 2008 makarantar koyon aikin jinya ta ɗauke ta, za ta fara a watan Janairu. Ranar da takardar ta zo ya kawo mana naman alade da matarsa Chayo ta dafa, har manajan da ba ya shiri da shi sai da ya zuba masa.

A wannan kakar ce kuma talabijin ɗin ɗakin cin abinci ya fara nuna manyan bankuna suna rufewa. Mu dai mun riga mun ji a jikinmu, don tun da man fetur ya yi tsada da bazara motocinmu suka daina fita, suka cika fili. Kowa da yadda ya ɗauki abin. Senada, wata 'yar Bosniya mai ɗinkin labule da ta tsira daga yaƙin ƙasarsu, ta kalli talabijin ta ce muddin famfo na kawo ruwa kuma ba a harbi a titi, ita ba ta ga abin tashin hankali ba, ta ci gaba da ɓare lemonta. Chebo kuwa abinci ya gagare shi. Ya ce ya san wannan waƙar, sau biyu ana kaɗa masa ita: yau banki zai rufe, gobe dala ta zama takardar ƙunshe gyaɗa, jibi buhun siminti ya ninka uku.

Ni ma ina da nawa labarin, na kakata, wadda ta yi zamanin babban talaucin shekarun 1930 a gona. Ita abin da ta gani daban ne. Kaya ne suka yi arha har ana ƙona masara a murhu don ta fi gawayi sauƙi, amma ba mai ko sisin saye. Wanda ya riƙe kuɗi a hannu shi ne ya tsira. Tun ina yaro aka cusa mini wannan, kuma duk abin da nake gani a garin yana nuna mini irin ta kakata ce ke tafe. Ban ba da labarin a teburin ba. Na ci burodina ina sauraro.

Wata Asabar da safe Chebo ya zo ya ce in taimaka masa da a-kori-kurata. Muka tafi babban kantin kayan gini na bakin hanya. Sawu na farko siminti, na biyu siminti. Na ɗauka wani aiki ya samu, har ina tsokanarsa ko fadar shugaban ƙasa zai gina a bayan gida. A sawu na uku aka loda rodi da kwanon rufi, ya ce gobe kuma sai tayoyi. A nan na gane, don na san albashinsa, na kuma san aljihu ɗaya ne kawai zai iya ɗaukar wannan sayayya.

Muna kan hanya ya faɗa mini da kansa, fuskarsa wasai. Ya kwashe kuɗin Noemi kaf. Zuwa Janairu, in ji shi, kayan nan sun ninka, zai sayar da rabi ya biya makaranta, rabin ya rage na shekara mai zuwa. Wannan karon ba za su same shi yana barci ba. Sannan ya dafa kafaɗata.

"Kai ma ka je ka kwaso naka ran Litinin, Dogo. Ban da kai ba wanda na gaya wa. Ko kai me ka gani?"

Ya tambaye ni, da bakinsa. Ina riƙe da sitiyari, amsar tana kan harshena: ba mai gini a garin da ake sallamar ma'aikata, mu juya mu mayar tun rasit na hannu. Amma mu a nan an tashe mu da wata tarbiyya da muke taƙama da ita. Za ka iya tambayar mutum aikin da aka yi masa a hanji, ko dalilin da matarsa ta bar shi, amma ba ka sa baki a kuɗinsa. Ubana ya mutu bai san albashin ƙaninsa ba, gida ɗaya kuma suka tashi. Mutunci muke kiran wannan. A wurin su Chebo kuwa, in ka ga rami ka bar abokinka ya taka, ba aboki ba ne kai. Shi ya sauke nasa nauyin a kaina, da zuciya ɗaya.

Na ce, "Kuɗinka ne, Chebo. Kai ka san abinka."

Ya yi dariya ya ce shi ya sa yake so na, ba ni da gardama. Muka yi sawu na huɗu. Da hannuna na taya shi jera buhunan a garejinsa, har da ba shi shawarar ya sa katako a ƙasa. Wannan ita ce kaɗai shawarar da na iya ba shi ran nan, kuma har yau idan na tuna kunya ce ke kama ni.

Mako biyu kafin Kirsimeti aka tara mu aka ce an rufe masana'antar. Dala ba ta faɗi ba. Farashin man fetur ne ya faɗi, na gidaje ma ya faɗi, gine-ginen da aka fara a gefen gari suka tsaya ba rufi. Chebo ya kafa allon talla a ƙofar gida, ya bi 'yan kwangila ɗaya bayan ɗaya, har garuruwan Goshen da South Bend. Duk wanda ya samu shi ma nasa kayan yake neman rabuwa da su. Tayoyin ya sayar a ƙasa da yadda ya saya, kuɗin suka tafi a cefane da wutar ɗumama gida. Kullum yana ce wa Chayo a ƙara haƙuri, tashin farashin na nan zuwa, a ƙasarsu ma wani lokacin yakan ɗan jinkirta. Janairu ya zo ya wuce. Makarantar ta yi musu kirki, ta ce za ta riƙe wa Noemi gurbinta zuwa watan Agusta.

A watan Maris ƙanƙara ta narke, ruwan sama ya biyo baya kwana da kwanaki, garejin ya sha. Katakon ya hana ruwa taɓa buhunan, amma bai hana danshi ba. Chebo ya kira ni in zo in gani. Ya ɗauki guduma ya doki buhu ɗaya, gudumar ta dawo. Duk sun daskare sun zama dutse, sai 'yan kaɗan na tsakiya. Bai yi kuka ba, bai kuma yi surutu ba, wanda a wurinsa ya fi kukan muni. Da a-kori-kurar tawa muka kwashe su zuwa juji, inda sai da muka biya kafin a bar mu mu zubar. Noemi na tsaye a taga tana kallonmu, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Agusta ya zo, ba ta tafi ba. Ta kama aiki a wata mayankar agwagi, ita ce ma ta riƙe gidan fiye da shekara. Da aka fara sake buɗe masana'antu aka kira ni, shi ba a kira shi ba, an ce an rage masu ɗinki. A 2010 ya tattara da Chayo suka koma Jerez, ya ɗan riƙa gyaran kujerun motocin haya a gindin wata bishiya. Yakan kira ni duk Kirsimeti, ya tambayi Darlene, ya tsokane ni kan tsawona. Sau shida na yi niyyar faɗa masa, sau shida muka ƙare da hirar sanyi da ƙwallo. Ya rasu a 2016, ciwon suga. Ban samu zuwa jana'iza ba.

Noemi ta zauna a nan, ta yi aure, 'ya'yanta uku. Mun daɗe ba mu haɗu ba, kuma laifina ne, don ni nake kauce wa unguwarsu. Bara Darlene ta samu shanyewar ɓarin jiki, na kai ta gidan kula da tsofaffi. Wata Talata da hantsi ina zaune ina ba ta kunu sai ga mace ta turo keken zanin gado. Nas-nas ɗin wurin shuɗi suke sawa, masu wanki da shara kuma ruwan toka. Ruwan toka ne a jikinta. Ta rungume ni tana Kawu, Kawu, ta gyara wa Darlene matashi da wani irin iya hannu da ban gani ba a wurin masu shuɗin.

Da za ta fita na raka ta bakin ƙofa. Ta ce ubanta ya yi maganata har a kwanakinsa na ƙarshe. Wai duk lokacin da Chayo ta tayar da zancen simintin sai ya ce a bar shi, abin ya fi ƙarfin kowa, tunda Dogo ma da aka haifa a ƙasar bai hango ba. Da ya hango ai da ya faɗa. Ta hau gyara zannuwan da ba su buƙatar gyara.

"Haka ne, Kawu? Kai ma ba ka sani ba?"

Shekara saba'in da ɗaya gare ni, kuma ƙarya ɗaya tak ta ishe ni in wuce wurin lafiya. Na ce mata na sani. Na ce tun muna cikin mota na sani, kuma ya tambaye ni.

Ta daɗe tana kallona, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi. Sannan ta ce, "To, gara da ya tafi bai ji wannan ba."

Wata nas mai shuɗi, yarinyar da ba ta kai Noemi shekaru ba, ta leƙo daga ɗaki na gaba ta ce a zo a canja zanin gado. Noemi ta amsa mata da to, ta tura kekenta ta shiga.