Farar Rigar Kakana a Takardar Nasara

Jiya jikata ta dawo daga kasuwa da curin sabulun salo a ƙunshe. Tun kafin ta kwance shi hancina ya gane shi, wannan tashin toka da man kaɗe da ba ka ce masa ƙamshi, ba ka kuma ce masa wari. Ta ce don ƙurajen fuska ta saye shi. Dariya kawai na yi. A gidan da na tashi a Matameye ba a ɓata shi a fuska. Riga ɗaya ake wankewa da shi, kuma mutum ɗaya ke da izinin taɓa ta.

Kakata ce ta riƙe ni tun daga yaye. Gajeruwar mace ce mai kaifin baki, ba ta da shanu, ba ta da sarauta a dangi. Abin alfaharinta a duniya shi ne farar rigar kakana, babbar riga ta saƙi mai aiki a ƙirji, wadda yake sakawa ranar Juma'a da ranar salla, da kuma in za shi Kance gaisuwa. Sauran gidaje masu wanki suke kai wa nasu. Ita kuwa ta ce hannun wani ba zai taɓa wannan ba muddin tana numfashi.

Sai ka ga yadda take wankin nan. Ruwan rijiyarmu yana da ɗan ja, don haka takan ɗebo shi ta bar shi a randa ya kwanta, ta tsiyaye na sama. Ta cuɗa rigar, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, sannan ta jiƙa shuni ɗan mitsitsi a ruwan ƙarshe don farin ya fito. Ba ta shanyawa a danga, kan sabuwar tabarma take baza ta, ta zauna da kara a hannu tana korar kaji da awaki da mu yara. In ta bushe ta naɗe ta, ta kai mabuga da kanta, ta tsaya a kan mabugi yana bugu tana gyara masa aiki, shi da ya gaji sana'ar. A unguwarmu in ana son a yabi farin abu, da rigar kakana ake misali. Takan yi kamar ba ta ji ba, amma ni da nake kwana a ɗakinta na san ta ji.

A lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Duk wanda ya zo garinmu daga cikinsu, ko dai haraji yake nema, ko mutanen da za su yi masa dako. To wata bazara, rake ya ƙare a fadama, zafi ya hana kowa sakat, sai ga wani ya sauka da tafintansa, bai nemi ko ɗaya ba. Dogo ne siriri, wuyansa ya yi ja kamar naman da aka feɗe. Kayan aikinsa wani faffaɗan allo ne da yake manna wa takarda, da siraran gawayi. Abin da yake so shi ne mutum ya zauna a gabansa da tufafinsa, shi kuma ya fitar da surarsa.

Da farko mutane suka dare. Wasu suka ce kurwa yake kamawa. Amma da ya zana wani maharbi da rigarsa ta layu, aka ga maharbin ya kwana ya tashi lafiya har ya ci tuwo malmala biyu, sai tsoro ya ragu. Ya zana wani Bafillace da malafarsa, ya zana maƙeri da walkinsa, ya zana wani Buzu da ya zo da gishiri, wanda ido kawai ake gani a jikinsa. Mun lura fuska ba ta dame shi sosai ba, nan da nan yake gamawa da ita. Tufa ce ke cin lokacinsa: yadda ta sauko daga kafaɗa, inda ta tattare a gwiwa, inda ta zube a ƙasa.

Ranar Juma'a ya hangi kakana yana dawowa daga masallaci, ya aiko tafinta. Kakana mutum ne mai son a gan shi, Allah ya jiƙansa, bai ko yi shawara da kowa ba ya amsa. Washegari da hantsi aka shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiyar ƙofar gida, ya naɗa rawani, ya zauna, ya tattara hannuwan rigar ya aza su a kafaɗa.

Nan wahalar Nasara ta fara. Ƙofar gidanmu hanya ce, kuma dattijo ba ya barin mutum ya wuce bai amsa gaisuwarsa ba. Duk wanda ya durƙusa, sai kakana ya ɗaga hannu, hannun riga ya zame, ya sake jefa shi kafaɗa, ninkin ya koma wani iri dabam. Nasara ya dafe kai ya yi ta magana da yarensu. Tafinta ya ce, "Baba, wai don Allah ka daina motsi." Kakana ya ce, "To, ya hana mutane gaishe ni." Haka dai aka yi ta lallaɓawa har aikin ya kusa ƙarewa.

Da rana ta take, kakata ta fito da ƙwaryar fura. Furar dai dalili ce, so take ta ga yadda rigarta ta fito. Ina biye da ita. Mutane suka buɗe mata hanya, ta zagaya bayan Nasara ta leƙa takardar.

Kakana ne zaune a ciki, babu shakka, har da yadda yake karkata kai. Amma rigar! Daga hammata zuwa cinya baƙi ne ya sauko layi layi. Ƙarƙashin hannu ya yi duhu kamar gindin tukunya. Duk inda rigar ta ninke, Nasara ya goga gawayi ya murza da yatsa. Kai da ka tashi da hoto a ko'ina za ka ce ai inuwa ce. Mu ba mu taɓa ganin an zana inuwa ba. Abin da idonmu ya gani shi ne dattijo zaune cikin riga mai dauɗa.

Wata maƙwabciyarmu ta yi ƴar dariya a bayan mayafinta. Kakata ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali.

Ta ce wa tafinta, "Ɗana, ina za a kai wannan takarda?"

Ya ce, "Damagaram, Iya. Daga nan sai ƙasarsu."

"Wato har ƙasarsu za a je a nuna cewa matar gidan nan ba ta iya wanki ba?"

Tafinta ya juya maganar, Nasara ya yi murmushi ya nuna tsamiya, ya nuna rana, ya nuna ninkin rigar. Tafinta ya ce wai ba dauɗa ba ce, inuwa ce. Kakata ta ce inuwa a ƙasa take kwanciya, ita ba ta taɓa ganin ta hau riga ta zauna ba. Ta taka ta je wurin kakana, ta kama ninkin da aka nuna ta buɗe shi a rana, fari fat. Ta ce, "Ina baƙin? Ya nuna mini." Na ji tausayinta ƙwarai, don na san yawan guga da ta ja saboda rigar nan.

Nasara ya dube ta, ya dubi takardar. Sannan ya ɗaga kafaɗa, ya ciro wani abu mai laushi kamar danƙo daga aljihu, ya fara gogewa. Baƙin hammata ya tafi. Na cinya ya tafi. Yana gogewa kakata tana gyaɗa kai, har ya share ninki na ƙarshe, ya ja da baya don ta gani.

Kowa ya leƙa takardar. Ga kan kakana a sama, ga tafin ƙafarsa a ƙasa, tsakaninsu kuwa babu kafaɗa, babu gwiwa, babu ciki, babu alamar akwai mai numfashi a ciki. Farin ƙyalle ne miƙe sumul daga wuya har ƙafa. Kowa a wurin ya san lokacin da ake naɗe namiji a farin da ba shi da ninki, amma ba wanda ya furta. Maƙwabciyar nan ma ta daina dariya.

Kakata ta ce, "Subhanallahi." Ta juya ta dubi mijinta a gindin tsamiya, yana zaune yana korar ƙuda, bai san abin da ake ciki ba. Ta sake duban takardar.

"Ce masa ya mayar."

Tafinta ya ce, "Iya, dauɗar?"

"Dauɗar. Duka."

Ba ta koma cikin gida ba. Ta tsaya a bayan Nasara cikin zafin nan tana kallo yana mayar da baƙin, kafaɗa ta dawo, gwiwa ta dawo, mutum ya sake cika rigarsa. Da ya ɗaga hannu kamar ya gama, ta miƙa yatsa ta nuna wajen ƙirji ta ce a ƙara a nan. Ya ƙara. Furar nan a ƙasa ta tsinke, ba wanda ya tuna da ita.

Bayan ƴan kwanaki ya naɗe takardunsa ya bi hanyar Dungu, ba mu sake ganinsa ba. Matan unguwa kuwa sun samu abin tsokana. In kakata ta fito da wanki sai wata ta ce, yau za a fitar da na hammatar? Ita da ba a taɓa gaya mata magana ta bar ta ta faɗi ƙasa ba, a kan wannan ba ta taɓa ramawa ba. Sai dai ta ci gaba da cuɗarta.

Yanzu mai ɗaukar hoto yana nan a bakin tasha, kafin ka gyara zama ya gama da kai. Yaran lakwal, makarantar boko ke nan, suna zana mutum da rigarsa, su shafa duhu a gefe ɗaya, ba wanda ya ce musu ƙazanta ce. Tufafi sun yi yawa, farin yadi kowa na da shi, ba a kuma sanin mace da wankinta. Ban ce da ya fi yanzu ba, ni ma hutun nan na ji daɗinsa. Sai dai nakan yi tunanin takardar nan, in gara ba ta cinye ta ba. Wataƙila tana can a wani ɗaki a ƙasarsu, wani ya ɗaga ta ya ce, kai, mai zanen nan ya iya fitar da ninkin riga. Ba zai san cewa sau biyu aka saka baƙin nan ba, kuma na biyun, macen da ta fi kowa ƙin dauɗa a Matameye ce ta tsaya a rana ta roƙa a saka.