Makullin Doguwar Hanya

A kamfanin raba kaya babu mai kiran sa da sunan yanka, Mai Makulli kawai ake cewa. Da ƙuruciya tuƙi ya so, amma ƙafarsa ta hagu da ta shanye tun yana yaro ta hana shi taka kuloci, sai aka ajiye shi a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon filin motoci. A bayansa akwai katako da aka jera wa ƙusoshi, kowace ƙusa da makullin motarta. Kullum da safe direbobi su yi layi, shi kuma ya dubi fuskar mutum, ya kai hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro makulli. Abin da ka samu shi ne hanyarka ta ranar: ko cikin gari ka dawo da la'asar, ko doguwar hanya da sai duhu ya rufa ake shigowa. A wannan tagar ya yi aure, ya aurar, har furfura ta cim masa.

Cikin masu layin har da yayansa, ciki ɗaya, wanda ya riƙa goya shi zuwa makaranta lokacin da ƙafar ta ƙi. 'Yan shekarun nan idon Yaya ya soma hazo. Da rana ras yake gani, amma da magariba ta yi sai fitilun motoci su narke masa su zama abu guda. Su biyu kaɗai suka sani, su ɗin ma ba su taɓa furtawa ba. Mai Makulli dai ya daina ba shi doguwar hanya. Yana ce wa kansa zumunci ne. Amma can ƙasa akwai wani daɗi da ba ya son leƙawa, na ganin babban wa tsaye a tagarsa yana jiran abin da za a ba shi.

Sai aka kawo sabon manaja, ya ce kwamfuta ce za ta riƙa raba hanya, bi da bi, ba sani ba sabo. Ya ɗauko wata matashiya da ake kira Injiniya ta tsara manhajar. Ta jawo kujera ta zauna kusa da Mai Makulli, safiya bayan safiya, tana kallon hannunsa.

"Baba, me ya sa ka ba wancan cikin gari?"

"Matarsa ce ta haihu."

"Wancan mai farin gemun fa? Tun zuwana ban ga ya yi nisa ba."

"Tsoho ne."

"Na ga waɗanda suka girme shi suna zuwa," ta ce a hankali, ba da tsokana ba. "Ita manhaja ba ta san kara ba, Baba. Duk wanda za a ware sai da dalili. In lalura ce, Manaja ya ce likita zai duba mutum."

Kowa ya san ma'anar likita: direban da aka samu da matsalar ido ya bar sitiyari ke nan.

A taron tsare-tsare Mai Makulli ya gwada dabara. Ya ce a sa doka, waɗanda suka daɗe a aiki su tsaya cikin gari. Shugaban direbobi ya kwashe da dariya.

"Wato mu yara mu mutu a titi, 'yan gidanku su sha inuwa? Ai dama don mu huta da sarautar taga aka kawo na'urar nan."

Manaja ya yi murmushin da ya nuna maganar ta yi masa daidai. Aka wuce.

Da yamma Mai Makulli ya ja ƙafa zuwa gidan Yaya. Ya same shi a ƙofar ɗaki yana gyara rediyo, jikoki na hawa kansa.

"Yaya, ko za ka ɗauki hutu ne, kafin abubuwa su daidaita?"

"Hutun me? Ciwo nake?"

"Na'urar nan ba ruwanta da kowa. In ta ba ka doguwar..."

"In ta ba ni in je. Kai da ko keke ba ka taɓa tuƙawa ba, kai za ka koya min hanya?" Ya ɗaga murya. "Ke, kawo wa ƙanin mijinki ruwa, rana ta taɓa shi."

Ranar da aka kunna manhajar, an kafa babban allo a gefen taga. Sunaye suka riƙa fitowa, direbobi na ihu kamar masu kallon ƙwallo. Aikin Mai Makulli yanzu miƙawa ne kawai. Aka yi kwanaki Yaya na faɗawa cikin gari, har Mai Makulli ya fara sakin jiki. Sai wata safiya sunan ya fito, a gabansa an rubuta doguwar hanya.

Yaya ya matso ya shimfiɗa tafin hannu. Manaja na tsaye a baya da kofin shayi, Injiniya ta sunkuyar da kai kan kwamfutarta. Mai Makulli ya zaro makullin, ƙarfen ya yi masa sanyi a hannu. A ransa ya hango babbar motar tana gangarowa cikin duhu, ya hango masu tafiya a gefen titi.

"Ba ni mana, Ƙarami," Yaya ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutane na jira."

"Ba zan ba ka ba."

"Malam, allo ya riga ya yanke," in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, ba ya gani da magariba. Ya daɗe ba ya gani."

Manaja ya ajiye kofin, ya ce Yaya ya biyo shi ofis.

Yaya bai motsa nan take ba. Ya janye hannunsa, ya goge shi a riga, ya sunkuyo daidai taga yadda ƙaninsa kaɗai zai ji.

"Yau na yi niyyar in tsaya in kwana a hanya, gobe in shiga in faɗa wa Manaja da bakina. Ko wannan ba ka bar min ba."

Mai Makulli bai san ko gaskiya ne ba, kuma ya san ba zai taɓa sani ba. Yaya ya juya, direbobi suka dare masa, ya nufi ofis shi kaɗai.